Yadda Muka Ɗauko Ƙararrawar Tudun Gawo Daga Lyon

Asabar: tashi daga Montreuil

Tun kafin asuba Inna ta tashe ni. Ta riga ta dafa shayi, ta ƙunsa mana dafaffen ƙwai da burodi da dabino, ta kuma fito da jan keken cefanenta mai ƙafa biyu, wanda take ja zuwa kasuwa. Ta ninke tsohon bargo ta shimfiɗa a cikinsa. Duk mun san abin da za a naɗe da shi, idan Allah ya sa an samu.

Ga waɗanda za a karanta wa wannan a gida, ni ce Balkisa, jikar Malam Issufu ɗan Magini. Na bar Tudun Gawo ina ƙarama, yanzu ina lakwal, wato makarantar boko, a nan Montreuil. Kaka ya zo Faransa aikin ido, ya sauka wurinmu, ranar Alhamis zai koma.

Ba ido kaɗai ya kawo shi ba. Majami'ar ƙasa ta bakin kasuwa, wadda mahaifinsa ya gina wa 'yan misiyo masu wa'azin Kirista a zamanin Turawa, ta daɗe da rushewa. Bana aka yi gayya aka sake tada ta, Musulmi da 'yan gidajen Kirista da suka rage. Bango ya tashi, an ɗaure bakan da ke riƙe soro, an yi rufi. Gurbin ƙararrawa ne kaɗai ke nan fanko, domin ƙararrawar tana Lyon, wurin Mompe Dogo, malamin Kirista na ƙarshe da ya zauna garin. Tsagewa ta yi ya taho da ita gyara, ciwo ya hana shi komawa, shekaru suka yi ta wucewa. Mai gari ya ce wa Kaka kada ya dawo sai da ita.

Da Kawu Sani, ƙanen Inna, aka shirya tafiyar. Babba ba ya roƙo da bakinsa, sai ya tafi da wanda zai yi magana a madadinsa. Amma daren Juma'a Kawu ya bugo waya ya ce an sa shi aiki. Ni na san ba aiki ba ne. Ranar Laraba Inna ta aike ni fuwaye, gidan ma'aikata inda Kawu yake kwana, na ji wani da ake ce wa Ubale, ɗan garinmu ne ma, yana cewa, "Alhaji Sani, ashe kai ne sabon ladanin coci?" Aka yi ta dariya. Kawu ma ya yi, amma na ga ya cire hularsa yana murza bakinta.

Da Kaka ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ko da rarrafe ne sai na je. Amarya, nemo takalminki." Haka yake kirana, wasan kaka da jika.

A bakin ƙofa Inna ta gyara mini hijabi ta ce, "Ke naki karanta alluna da riƙe tiken jirgi. Idan manya na magana, ki ja bakinki." Ba sai ta faɗa ba. Ni da ko a aji aka kira sunana sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Muka kama metiro na fari, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a layi na tara. Cike yake da masu shara da masu gadi, kowa na gyangyaɗi, wasu kuwa da suka ga babbar rigar Kaka sai su ɗan rusuna su ce, "Ina kwana, Baba." A tashar Nation muka sauya jirgi. Kaka ba ya shiri da matakala mai tafiya da kanta. Sai ya tsaya ya yi bisimilla, ya bari uku su wuce, sannan ya taka ta huɗu kamar mai hawa jaki.

Cikin jirgin ƙasa

Jirginmu ya bar Gare de Lyon, tashar da jiragen zuwa Lyon ke tashi, gari bai gama wayewa ba. Tafiyar awa biyu ce. Na ba Kaka gefen taga don idonsa mai lafiya ya yi kallo. Ya ga fararen shanu a makiyaya ya ce an wanke su da sabulu. Ya ga wani tsohon gidan gona ya ce magininsa ya san aiki, amma ya yi rowar kauri a kusurwa.

A nan ne na tambaye shi abin da ban iya tambaya a gida ba. Na ce, "Kaka, kai da kake Malam, me ya dame ka da ƙararrawar Kirista?"

Ya daɗe yana ɓare ƙwai kafin ya amsa. Ya ce ginin fari ba da son rai aka yi shi ba, Bature ne ya ce a yi, aka yi. Amma bango idan ya tsaya a gari ya zama na gari. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, ranar da aka yi wa masallaci yaɓe, ranar ake yi wa majami'a, da ƙasar rami ɗaya, masallaci da safe, ita da yamma. Su kuma 'yan misiyo ba su taɓa kaɗa ƙararrawa a kan kiran salla ba. Ranar Juma'a ma naɗe harshenta ake yi da tsumma, kada iska ta motsa shi liman na huɗuba.

"Wa ke naɗewa?"

"Wa kike gani? Mijinki mana. Ni ne mara nauyi a lokacin, ni ke hawa."

Ya ce wata shekara muryar Ladan Garba ta dishe a tsakiyar azumi, Mompe Dogo ne ya riƙa tashi yana kaɗa wa gari ƙararrawa don sahur, har ladan ya warke. "To ki gaya mini, Amarya, ta wa ce?"

Lyon: gidan Hajiya Rakiya da hawan tudu

A tashar Part-Dieu Hajiya Rakiya ta tarye mu. 'Yar Maraɗi ce, ƙawar Inna, tana sayar da atamfa a unguwar Guillotière, kuma a hawa na biyu a saman shagon take zaune. Ta ba mu shinkafa da miyar gyaɗa, da dambun zogale don Kaka. Ta leƙa keken cefane ta ga bargo ta riƙe haɓa.

"Malam, da gaske ne ke nan? To Allah ya ba da lada. Ni dai kada ta kaɗa a gidana, maƙwabcina na ƙasa ko turmi na taɓa sai ya bugo silin da sandar shara."

Bayan azahar muka haye kogi, muka shiga wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman tudu. Can ne gidan da tsofaffin malaman misiyo suke hutawa. Ƙofar katako ce babba, ciki kuwa dogon zaure mai ƙamshin miyar karas da man goge daɓe. Wata ma'aikaciyar jinya mai gajeren gashi, Madam Odile, ta kai mu ɗaki na ƙarshe. Ta ce mini da Faransanci muna da lokaci har ƙarfe biyar.

Mompe Dogo na zaune a keken marasa lafiya, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa saboda tsawo. Abin da na fara gani ƙafarsa ce: safa mai kauri cikin takalmin fata irin na Damagaram, ya tsufa har jan ya koma ruwan ƙasa.

"Issufu ɗan Magini! Kai ne ka tsufa haka?"

"Mompe, ai kai ka fara, na biyo sawu."

Ban taɓa jin Bature da irin wannan Hausa ba. Irin ta tsofaffin garinmu ce, wadda ko Inna ba ta yi. Suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina mai gari, yaya damina, yaya rijiyar bakin kasuwa. Mompe ya riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ina Ladan Garba? Ya riga mu gidan gaskiya. Ina Tabita mai ƙosai? Ita ma. Ina Idi makaho? Duk wanda aka ce ya rasu sai ya runtse ido ya ce, "Allah ya ji ƙansa," Kaka ya ce amin.

Kaka ya ba shi goro fari guda biyar a cikin ganye. Ba shi da haƙoran ci, sai ya fasa ɗaya ya riƙe a gindin hancinsa.

Aka yi zancen sabon ginin ma. Mompe ya tambayi ko da tubali aka yi ko da bulo, Kaka ya ce da tubali, da azara, kamar na fari. Na ce a raina, yanzu za a faɗa. Sai Kaka ya koma zancen farar da ta ci gero wata shekara. Haka har Madam Odile ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Muna saukowa na ce, "Kaka, ba ka faɗa ba."

"Da wane baki? In shigo gidan dattijo yau, bayan shekaru, in ce ba ni? An ce miki biyan bashi na zo karɓa?"

"To gobe fa?"

"Gobe ta Allah ce."

Da yamma Hajiya Rakiya ta kawo shawara a bugo wa Kawu Sani, a miƙa wa Mompe wayar, ya yi maganar daga can. Kaka ya ce ba a tura manzo ta cikin waya. Ita kuma ba za ta iya rufe shago ba, Lahadi ce ranar cinikinta. Na kwanta a ɗakin 'yarta ina kallon keken Inna a jingine da bango.

Lahadi: komawa tudu

Da safe suna ibadarsu, don haka sai bayan abincin rana aka bar mu muka shiga. Jirginmu na komawa na ƙarfe shida saura ne, Litinin kuma akwai lakwal.

Da lokacin salla ya yi, Mompe da kansa ya tuna wa Kaka. Ya nuna ta taga ya ce, "Ka fuskanci itacen can mai jan ganye, nan ne alƙibla." Madam Odile ta kawo tawul mai tsabta aka shimfiɗa a lambu. Muka yi salla muka dawo, hira ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ni ina kan wata 'yar kujera a bayan ƙofa, ba mai kula ni, sai na yi ta kallon ɗakin. Akwai tebur a gefen Mompe da aka rufe da mayafi har ƙasa, ya fi ƙarfin teburin nesa ba kusa ba. Jiya ma na gan shi. Amma yau bakin wata igiya sabuwa fil ya leƙo ta ƙarƙashi. Ɗakin kuma yana wani ƙamshi da na sani, irin na man da Inna ke goge tasoshin tagulla da shi idan salla ta matso. Na dubi hannun Mompe. Gindin farcensa duk ya yi baƙi.

Sai na lura da wani abu. Duk lokacin da Kaka ya gyara murya, hannun Mompe sai ya tafi bakin teburin ya kama mayafin. Kaka ya ce, "Af, sanyin garin nan fa da ƙarfi yake," sai hannun ya koma kan gwiwa. Sau uku ina ganin haka.

Agogon bango ya wuce ƙarfe huɗu. Na ji ƙarar keken magani na Madam Odile yana matsowa ɗaki ɗaki. Na tuna maganar Inna. Na kuma tuna gurbin da Kaka ya nuna mini a hoton waya, ɗan rami mai baka a saman ƙofa, ana hango sama ta cikinsa.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na zo gaban keken na durƙusa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake.

"Mompe, an aiko ni."

Kaka ya ce, "Ke!"

Mompe ya ɗaga doguwar yatsarsa. "Bar manzo ya isar da saƙo, Issufu. Wa ya aiko ki, 'yata?"

Idona na kan takalminsa na fata. Na ce, "Mai garin Tudun Gawo, da liman, da mutanen majami'a. Suna gaishe ka."

"Ina amsawa."

"Sun ce an gama gini."

"Madalla. Sai me?"

"Sun ce gurbi na nan ba kowa."

"Na ji. Sai me?"

Na ce, "Suna biɗar ƙararrawarsu."

Sai na ji wani sauti, na ɗaga kai. Mompe ne ke dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "To, sai yanzu aka zo. Ɗaga mayafin, manzo."

Ƙararrawar tana nan zaune a kan kwali, girmanta kamar tukunyar da ake dafa wa gida guda, tana ƙyalli. Inda aka yi gyaran ya fito kamar tabo daga baki zuwa kafaɗa. Kaka ya sauko daga kujera da ƙyar, ya karkata ta. An naɗe harshen da wani tsohon ƙyallen saƙi da ya koɗe.

"Tsummana ne," in ji Kaka. Ya shafa ƙullin, ya taɓe baki. "Amma wannan wane irin ƙulli ne, Mompe? Ko akuya ba za a ɗaure da shi ba."

"Masu gyara suka kwance. Na yi ta gwada naka, ya gagare ni."

Kaka ya ce, "Tana gindin teburinka tun jiya, ka bar ni ina ta zancen fara?"

"Ku kuka koya mini ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi." Ya share fuska da bayan hannu. "Kuma da na ba ka ita jiya, yau da wa zan yi Hausa?"

Kaka ya cire tabaransa ya yi ta goge shi da bakin riga, alhali likita ya hana shi cirewa.

Mompe ya roƙi abu ɗaya, ya ji muryarta kafin ta tafi. Ya ce tun da aka gyara ta bai taɓa kaɗawa ba, ba a garinta take ba. Kaka ya dubi agogo ya tabbatar ba lokacin kiran salla ba ne, ya kwance tsumman. Ni da Madam Odile muka ɗaga ta da sabuwar igiyar, ya buga sau ɗaya. Sautin ya cika ɗakin ya fita zaure, na ji shi har cikin haƙorana. Ƙofofi suka riƙa buɗewa, tsofaffi na leƙowa da sanduna. Sannan Kaka ya mayar da tsumman, ya yi ƙullinsa a hankali, yadda Mompe zai gani.

Hanyar dawowa

Mun tsaya sallama har lokaci ya ƙure, don haka gudu muka yi, gwargwadon gudun Kaka. Keken Inna ya yi nauyi, ƙafar hagu ta fara kuka. Ba mu koma gidan Hajiya ba, ɗanta ya kawo mana jakarmu tasha.

A ƙofar Part-Dieu sojoji uku na sintiri da bindigogi. Ɗaya, saurayi ne mai ƙuraje a goshi, ya dubi keken ya ce in buɗe. Na yaye bargon. Ya dubi ƙararrawa, ya dubi hijabina, ya dubi carbin da ke hannun Kaka.

"Ta wa ce?"

"Ta garinmu ce, a Nijar. Ta majami'a."

"Ku Kirista ne?"

"A'a. Maƙwabtanmu ne."

Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya leƙa cikinta, ya tambayi amfanin tsumman. Na ce don kada ta dami mutane. Ya ce da kowa na da wannan tunanin da aikinsu ya yi sauƙi, ya matsa muka wuce. Kaka ya ce me ya ce, na fassara. Ya ce, "Yaron kirki, sai dai ba ya cin abinci."

A jirgi Kaka bai yarda a ajiye keken wurin kaya ba. Ya sa shi tsakanin ƙafafunsa, ya dafa shi, ya yi barci a haka.

Isowa gida

Muna sauka a Gare de Lyon na hango Kawu Sani a bakin dandamali, da rigar aikinsa mai ɗaukar ido. Ya durƙusa ya gaida Kaka. Kaka ya amsa kamar ba abin da ya faru, ya ce, "Yaya aikin?" Kawu ya sunkuyar da kai ya karɓi keken.

A Nation matakala mai tafiya ta lalace, kuma a mataki na farko ƙafar keken ta fita ta gangara. Kawu ya tsaya yana kallonta. Sai ya zaro ƙararrawar da bargonta ya saɓa a kafaɗa.

Daga bakin metiro zuwa gidanmu hanya biyu ce, ta bayan makaranta ko ta ƙofar fuwaye. Na ga ya ɗan ja ƙafa a mararraba. Ya gyara kayan a kafaɗa, ya bi ta ƙofar fuwaye. Mutane na tsaye wurin mai gasa masara, Ubale na cikinsu.

"Jama'a, a ba da hanya, ladanin coci ya iso!"

Kawu ya tsaya yana haki. "Ƙaton banza, zo ka kama mini. Ubanka ma ita ta tashe shi sahur."

Aka kwashe da dariya, wannan karon ba Kawu ake wa ba. Ubale ya dubi Kaka, Kaka ya gyaɗa kai ya ce, "Har ya yi ƙorafin an makara." Ubale ya miƙa wa wani masararsa, ya goge hannu a wando, ya kama gefe ɗaya na bargon. Su biyu suka hau da ita bene na huɗu.

Inna ta buɗe ƙofa, ta ga ƙararrawa, ta ga kekenta a hannuna da ƙafa ɗaya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kin dai yi shiru kamar yadda na ce?"

Kaka ya riga ni. "Amaryata? Ko tari ba ta yi ba. Wani manzo ne mai gari ya turo, shi ya yi magana."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Hajiya Rakiya da abincinta da shimfiɗarta, da Madam Odile, da Kawu Sani da kafaɗarsa ta kumbura. Kaka zai iso muku da ƙararrawar in sha Allahu, kuma ya ce kada kowa ya taɓa ƙullin sai ya zo.

Roƙona ɗaya ne. Ranar da aka rataye ta, wani ya kira lambar Inna ya ɗaga waya sama, mu kuma za mu haɗa da Mompe a Lyon. Bayan ƙararrawar ta yi shiru kada ku kashe. Ku miƙa wa tsofaffi wayar ɗaya bayan ɗaya, ku gaishe shi gaisuwa mai tsawo, irin ta gida.